Yadda Ake Shigar da Adalcin Gidaje Cikin Babban Tsarin Raya Gari a Ƙananan Hukumomin Amurka

Ɗalibanmu masu karatun tsara birane a jami'o'in Amurka, da 'yan uwa da suka samu aiki a ofisoshin tsare-tsare na ƙananan hukumomin ƙasar ko aka naɗa su cikin kwamitocin gari, sun yi ta maimaita tambaya guda: idan majalisar gari ta ba da umarnin sabunta babban tsarin raya gari, kuma ta ce a tabbatar da adalci a harkar gidaje, daga ina ake kama aikin, me ke bin me, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe? Babban tsarin nan kundi ne da gari ko gunduma ke rubutawa, galibi don shekara 20 masu zuwa, wanda ke fayyace inda za a gina gidaje da hanyoyi da kasuwanni da makarantu. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, duk binciken da za a yi ba zai amfani ɗan haya ko guda ba sai ya sauya taswirar filaye da kasafin kuɗin gari. An jera matakan da ke ƙasa ne domin a isa can.

1. A tantance dokokin da suka hau kan garin

Kafin a buɗe kwamfuta don neman alƙaluma, sai a zauna da lauyan gari a rubuta jerin wajibai a shafi ɗaya. Dokar Adalcin Gidaje ta tarayya ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata, jinsin asali, addini da ƙasar asali. An ƙara bambancin mace da namiji a 1974, sannan a 1988 aka ƙara nakasa da kasancewar yara a cikin iyali. Dokar ba ta tsaya ga hani ba, ta kuma wajabta wa ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ta gudanar da shirye-shiryenta ta hanyar da za ta ciyar da adalcin gidaje gaba, kuma wannan nauyi yana sauka a kan duk garin da ke karɓar kuɗin tallafinta, musamman tallafin raya al'umma na CDBG da garuruwa masu mutum 50,000 ko fiye da gundumomin birni masu mutum 200,000 ko fiye ke karɓa kai tsaye.

Sai a duba dokar jiha, domin a yau nan ƙarfin yake. Kalifoniya ta zartar da doka mai lamba AB 686 a 2018, wadda ta sa nazarin adalcin gidaje ya zama dole a babin gidaje na tsarin kowane gari. Jihar Washington ta yi makamanciyarta a 2021 da HB 1220, inda ta umarci garuruwa su gano manufofinsu da suka fi cutar da mutanen wani launin fata ko jinsin asali ko suka tilasta wa mutane barin unguwanninsu. A New Jersey kuwa, hukuncin kotun ƙolin jihar a shari'ar garin Mount Laurel na 1975 da na 1983 ya ɗora wa kowane gari rabonsa na gidaje masu sauƙin kuɗi.

Gargaɗi: kada a gina aikin a kan ƙa'idar HUD kaɗai. An fitar da cikakkiyar ƙa'idar a 2015, aka dakatar da ita a 2018, aka soke ta a 2020, aka maido wani ɓangarenta a 2021, aka sake janye shi a 2025. Ƙa'idar tana sauyawa da sauyin gwamnati, amma dokar 1968 tana nan, kuma a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar, a shari'ar da ta taso daga Texas, cewa ana iya ƙalubalantar manufar da ta fi cutar da wani jinsi ko da ba a nuna an yi ta da mugun nufi ba.

2. A ware kuɗi da ma'aikata

Mafi yawan alƙaluman da ake buƙata kyauta ne, har da manhajar zana taswira ta QGIS ga ofishin da ba ya iya biyan lasisin ArcGIS. Inda kuɗi ke tafiya shi ne ladan ƙwararrun da ake ɗauko haya, fassara da tafinta, hayar zauren taro, abinci da rainon yara yayin taro, da ɗan hasafi ga ƙungiyoyin unguwa da za su tara jama'a. Ana iya biyan wani ɓangare daga CDBG, sai dai abin da aka yarda a kashe a kan tsare-tsare da gudanarwa bai wuce kashi 20 cikin 100 na tallafin ba, kuma albashin ma'aikata ya kan riga ya cinye kaso mai yawa. Ƙananan garuruwan da ke maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗi su yi nazari ɗaya, wanda ma ya fi dacewa, tun da mai neman haya ba ya tsayawa a iyakar gari guda. Ko da an ɗauko ƙwararru, dole ne a ɗora alhakin aikin a wuyan ma'aikaci ɗaya na dindindin, domin ƙwararren zai miƙa rahotonsa ya tafi.

3. A fara jin ta bakin jama'a tun kafin a rubuta komai

Garuruwa da yawa suna rubuta daftari su gama, sannan su kira taro domin cika sharaɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taron farko ya kamata ya zo kafin nazari, saboda mutanen da ke neman haya su ne za su faɗi tambayoyin da za a yi wa alƙaluma: wace unguwa ce dillalai ke cewa babu ɗaki da zarar sun ji lafazin mai kira, waɗanne masu gidaje ne ke ƙin karɓar takardar tallafin haya ta gwamnati, ina ne motar bas ke daina zuwa da ƙarfe 7 na yamma.

Taron da aka sa a zauren majalisar gari da ƙarfe 6 na yammacin ranar aiki, masu gidan kansu ne ke cika shi, galibi dattawa masu lokaci, kuma yawancinsu sun zo ne su ce kada a gina komai kusa da su. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi da direban tasi da matar da ba ta da mai riƙe mata yara ba za su zo ba. Don haka ofishin tsare-tsare ne zai bi su: harabar masallaci bayan sallar Juma'a, coci bayan ibadar Lahadi, shagon wanki, wurin rabon abinci, ƙungiyoyin 'yan haya da na masu nakasa. A fassara takardar tambayoyi zuwa harsunan da ake ji a garin, kuma a ɗauko tafintan da mutane suka amince da shi.

Gargaɗi: kada a nemi suna ko matsayin takardun zama a ƙasa a kan takardar tambayoyi, domin baƙi za su guje ta, su ne kuwa waɗanda aka fi buƙatar jin muryarsu. A kuma ajiye rubutaccen bayanin abin da aka ji da abin da aka yi da shi, saboda masu duba tsarin a matakin jiha suna tambaya.

4. A tattara alƙaluma a zana taswirori

Tushen farko shi ne binciken shekara-shekara na hukumar ƙidayar Amurka da ake kira ACS. A ɗauki wanda ya haɗa shekara 5, shi ne ke sauka har kan ƙananan yankunan ƙidaya. Sai alƙaluman CHAS na HUD, waɗanda ke nuna iyalan da ke kashe fiye da kashi 30 na kuɗin shigarsu a kan muhalli, da waɗanda suka haura kashi 50. Sai bayanan bashin sayen gida da dokar HMDA ta 1975 ta tilasta wa bankuna bayyanawa, inda ake ganin wanda aka ba bashi da wanda aka hana, unguwa-unguwa. Daga cikin gida kuma a nemi jerin izinin gini na shekara 10 da suka wuce, da ƙarar korar 'yan haya daga kotun gunduma, da adireshin gidajen da aka gina da tallafin gwamnati.

Ma'auni biyu ne aka fi amfani da su. Na farko ma'aunin rabuwar jinsunan asali, kamar farar fata da baƙar fata, daga 0 zuwa 100, wanda ke nuna kason mutanen wani jinsi da za su sauya unguwa kafin a ce sun bazu daidai a gari. HUD ta ɗauki ƙasa da 40 a matsayin kaɗan, 40 zuwa 54 matsakaici, 55 zuwa sama mai tsanani. Na biyu shi ne yankunan da talauci da wariya suka haɗu, wato inda rabin mazauna ko fiye ba farar fata ba ne, kuma talauci ya kai kashi 40, ko ya ninka matsakaicin yankin birnin sau uku. A tuna a zana kishiyarsu ma, unguwannin masu hali da kusan jinsi ɗaya ke zaune, domin wariya tana da fuska biyu kuma garuruwa sun fi son kallon ɗaya.

Aikin da ya fi buɗe ido shi ne ɗora taswira a kan taswira. A ɗauko taswirar shekarun 1930 da hukumar bashin gidaje ta tarayya ta shafa wa unguwannin baƙar fata da na baƙi jan launi, waɗanda Jami'ar Richmond ta tattara ta sa a intanet, a ɗora mata taswirar talauci ta yau, sannan ta dokar rabon filaye, sannan ta sakamakon makarantu da ta masana'antu masu hayaƙi. A garuruwa da dama layukan suna faɗawa kusan wuri ɗaya, kuma kansilan da zai yi gardama da shafi 40 na rubutu ba kasafai yake gardama da wannan hoton ba.

Gargaɗi: alƙaluman ACS ƙiyasi ne daga samfuri, kuma a ƙaramin yanki kuskuren na iya kusan kai girman adadin kansa, don haka a riƙa rubuta tazarar kuskuren a gefe. Haka kuma garin da ma'auninsa ya fito ƙasa ƙwarai kada ya yi murna da wuri. Mai yiwuwa ne babu rabuwa a cikinsa saboda tun a bakin iyaka aka tare talakawa. Sai an kwatanta shi da yankin birnin baki ɗaya.

5. A binciki dokokin garin kansa, layi-layi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kasala, domin ya fi sauƙi gari ya zargi bankuna da masu gidaje a kan ya karanta dokarsa. A buɗe dokar rabon filaye a lissafa kason filin zama da aka keɓe wa gidan iyali ɗaya tak. A garuruwan Amurka da yawa yana kaiwa kashi 70 ko fiye. A duba mafi ƙanƙantar fuloti da aka yarda a gina, da iyakar tsawon bene, da yawan wurin ajiye mota da aka wajabta wa kowane gida, da kuɗin izini, da tsawon watannin da mai gini ke jira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara wa gida tsada, kuma tsadar ita ce ke tace waɗanda za su shigo.

Akwai wurare huɗu da ke jawo ƙara kai tsaye. Na farko ma'anar iyali: dokar da ta ce mutanen da ba dangi ba kada su wuce 3 ko 5 a gida ɗaya tana rufe ƙofa ga gidajen haɗaka na masu nakasa da masu murmurewa daga shaye-shaye, kuma tun shari'ar birnin Edmonds ta 1995 Kotun Ƙoli ta ce irin wannan ma'ana ba ta kuɓuta daga Dokar Adalcin Gidaje ba. Na biyu rashin hanya a rubuce da mai nakasa zai nemi sassauci, misali ya gina gangaren keken guragu a tazarar da doka ta hana gini. Ya kamata hanyar ta kasance kyauta, mai sauri, ba tare da an kira maƙwabta su yi ƙuri'a a kan lafiyarsa ba. Na uku iyakar yawan mazauna ɗaki: HUD ta daɗe tana ɗaukar mutum 2 a kowane ɗakin kwana a matsayin abin da ya dace a galibin lokuta, kuma abin da ya fi haka tsauri yana faɗawa ne a kan iyalai masu yara da yawa, abin da iyalan baƙi daga Afirka ta Yamma a can suka sani sarai. Na huɗu dokokin da ke tilasta wa mai gida korar ɗan haya saboda an kira 'yan sanda gidan, ko da shi ne aka zalunta. Birnin Hesperia na Kalifoniya ya soke irin wannan shiri bayan sulhu da ma'aikatar shari'a ta tarayya a 2022.

A ƙara da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar daga garin a HUD da hukumar kare haƙƙi ta jiha. A faɗin ƙasar fiye da rabin ƙorafin a kan nakasa ne. Ƙarancin ƙorafi ba shaidar lafiya ba ce, domin wanda aka ce wa an riga an ba da ɗakin ba shi da hanyar sanin ƙarya aka yi masa. Maganin wannan shi ne gwajin mutum biyu: ƙungiyar kare haƙƙin gidaje ta tura mutane biyu masu albashi da tarihi iri ɗaya, bambancinsu launi ko nakasa ko yara, su nemi ɗaki guda, a kwatanta amsar da aka ba kowa.

6. A zaɓi matsaloli kaɗan a jera su bisa nauyi

Nazari zai fito da matsaloli 20 ko fiye. A zaɓi 4 ko 5 waɗanda suka fi cutarwa kuma gari ke da ikon taɓawa, a rubuta kowace da sanadinta a jimla ɗaya. Cewa gidaje sun yi tsada bayanin hali ne kawai. Cewa dokar gari ta hana gidan bene a unguwannin da makarantu suka fi kyau, wannan sanadi ne da majalisa za ta iya gyarawa da ƙuri'a.

7. A rarraba filayen gini a kan taswira

Idan jiha ta ba gari adadin gidajen da zai tanada wa fili, kamar yadda aka ba yankin Kudancin Kalifoniya kimanin gida miliyan 1.34 a zagayen tsarin gidaje da ya fara a 2021, jarabar da ke zuwa ita ce a zuba dukkan filayen masu ƙaramin ƙarfi a unguwar da dama talakawa ke ciki, ko a gefen babbar hanya, inda babu mai ƙorafi. Yin haka ƙara wariya ne da hatimin hukuma. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a yi jadawali, a gefe ɗaya unguwanni bisa ingancin makarantu da kusancin aiki da tsabtar iska, a ɗaya gefen adadin gidaje masu sauƙin kuɗi da aka ware wa kowace. Idan unguwannin da ke sama ba su samu rabo mai ma'ana ba, a koma kan taswira.

Dole kuma filin ya zama wanda za a iya ginawa da gaske. An sha ganin garuruwa sun lissafa gangaren dutse, da harabar kantin da ke da yarjejeniyar haya ta shekaru masu yawa, da filin da bututun ruwa bai kai ba. A je a ga kowane fili da ido, a tuntuɓi mai shi, a tambayi hukumar ruwa. A Kalifoniya, filin da za a ƙirga wa masu ƙaramin ƙarfi a manyan birane ana ɗaukarsa ya dace idan doka ta yarda da gida 30 a eka ɗaya.

Darasin Minneapolis ya cancanci a tsaya a kansa. A Disamba 2018 birnin ya amince da tsarinsa na 2040, wanda ya halatta gida mai iyali 3 a fulotin da a da iyali ɗaya kawai aka yarda. Irin waɗannan gidaje kaɗan aka gina, saboda iyakar tsawo da girman gini ba ta ba da sararin da lissafin magini zai fita ba; yawancin sababbin gidajen sun fito ne daga manyan benaye a kan hanyoyin bas da jirgi, musamman da aka soke wajabcin wurin ajiye mota a 2021. Houston kuwa ta rage mafi ƙanƙantar fuloti a tsakiyar birni daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400 a 1998, aka gina dubban ƙananan gidaje. A ganina, duk wanda zai sauya doka ya fara kiran magina biyu ko uku su yi lissafi a kan fuloti na gaske kafin a kai wa majalisa.

Gargaɗi: buɗe unguwannin masu hali ba ya nufin a yi watsi da tsofaffin unguwannin talakawa. Su ma a sa musu magudanar ruwa da fitilu da gyaran gidaje a kasafin manyan ayyuka, tare da kariya ga 'yan haya, domin gyara na jawo tashin haya. Amma a yi hattara da fifita 'yan gari wajen rabon sababbin gidaje: a garin da jinsi ɗaya ya mamaye, wannan fifiko tsare ƙofa ne. Birnin New York ma ya yi sulhu a 2024 ya rage kason da yake keɓe wa mazauna unguwa daga kashi 50 zuwa 20.

8. A rubuta ayyuka masu lokaci da mai alhaki

Kowane aiki ya ɗauki abu biyar: abin da za a yi, ofishin da zai yi, wata da shekarar kammalawa, inda kuɗin zai fito, da adadin da za a auna. Kalmomi irin su za a duba yiwuwa, za a ƙarfafa gwiwa, za a ci gaba da tallafawa, a soke su duk inda aka gan su. A maimakonsu a rubuta cewa sashen tsare-tsare zai gabatar wa majalisa gyaran doka cikin wata 18 wanda zai halatta gida mai iyali 4 a unguwanni kaza. Daga cikin kayan aikin da aka gwada akwai wajabta wa manyan magina ware wani kaso na gidaje masu sauƙin kuɗi, kamar yadda gundumar Montgomery ta Maryland ke yi tun shekarun 1970 da kashi 12.5 zuwa 15, da dokar hana ƙin mai takardar tallafin haya, da ba da filayen gari ga masu gina gidajen talakawa. Sai a bi sauran babukan tsarin, na sufuri da muhalli da makarantu, a tabbatar ba su rushe abin da babin gidaje ya gina ba.

9. Amincewa, da abin da ke bayanta

A fitar da daftari don sharhin jama'a. A Kalifoniya kwana 30 ne, sai kwanakin aiki 10 na nazarin sharhin, sannan ma'aikatar gidaje ta jiha ta ɗauki har kwana 90 tana duba daftarin farko, kuma ba kasafai take amincewa da shi a karon farko ba, don haka a saka wannan jinkiri cikin jadawali. A shirya kansiloli kafin zaman ƙarshe: maganganun ƙyama da mahalarta ke furtawa a kan irin mutanen da za su shigo suna shiga rikodin zama, kuma idan majalisa ta ƙi aiki bayan irin wannan furuci, kotu na iya ɗaukarsa a matsayin shaidar nuna bambanci.

Gargaɗi: shugaban gari yana sa hannu a kan shaidar cewa garin yana ciyar da adalcin gidaje gaba kafin ya karɓi kuɗin HUD, kuma sa hannun yana da nauyi. Gundumar Westchester ta New York ta yi ta sa hannu ba tare da ta nazarci wariyar launin fata ba, aka kai ta ƙara, a 2009 ta amince ta kashe fiye da dala miliyan 50 don samar da gida 750 a garuruwanta da farar fata suka fi yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bayan amincewa, tsarin ba ya sauya komai da kansa sai an gyara dokar rabon filaye ta dace da shi, don haka a gabatar da gyaran tare da tsarin ko cikin shekara ɗaya, tun kafin zaɓe ya sauya majalisa. Kowace shekara a fitar da rahoto, wanda a Kalifoniya ake miƙa wa jiha zuwa 1 ga Afrilu, yana nuna izinin ginin da aka bayar, na masu wane ƙarfi, kuma a wace unguwa. Idan an kai rabin wa'adi unguwannin da aka buɗe ba su ga gini ba, a sa sharaɗi tun yanzu a cikin tsarin cewa za a ƙara filaye ko a sassauta iyakar tsawon gini ba tare da jiran zagaye na gaba ba.